Na'urar Auna Zafi Da Danshin Ɗaki: Yadda Za Ki Saita Ta Don Amfanin Jaririnki

 

Yau za mu tattauna ne a kan wata 'yar na'ura da ta fara shiga ɗakunanmu, wadda ba ta wuce girman akwatin ashana ba. Aikinta shi ne ta auna zafin ɗaki da yawan danshin da ke cikin iska, ta nuna a fuskarta, ta kuma aika wa wayarki. Wata maigida ne ya sayo mata, wata kuma a cikin kayan barka ta same ta, amma da yawa suna nan a kwali saboda an gwada haɗa su da waya sun ƙi. Wasu kuma an haɗa, sai dai lambobin da suke nunawa sun fi tayar da hankali fiye da kwantar da shi.

Me ya sa ma'aikaciyar jinya za ta damu da wannan? Saboda jikin jariri ba ya iya daidaita zafinsa kamar na babba. Yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin yin sanyi, kuma ba shi da bakin faɗa. A watan Afrilu zafi a Kano, Sakkwato ko Maiduguri yakan haura maki 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa yakan riƙe zafin har tsakar dare. Da hunturu iska takan bushe har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100. Da damina kuma bango ya jiƙe, fumfuna ta fito a bayan kabad. Ke kin saba, ba lallai ki ji bambancin ba. Na'urar za ta nuna miki shi da lamba.

Fara sanin wace iri ce a hannunki

Duba jikin kwalin, za ki ga ɗaya daga cikin kalmomi uku.

Idan Bluetooth aka rubuta, kamar ƙaramar nan ta kamfanin Xiaomi mai aiki da manhajar Mi Home, kai-tsaye take magana da wayarki, ba ruwanta da data ko wutar lantarki. Sai dai zangonta gajere ne, kimanin mita 10 a cikin gida, kuma bangon bulo yana rage shi. Idan kin fita unguwa ba za ki ga komai ba sai kin dawo.

Idan Wi-Fi aka rubuta, yawanci manhajar Smart Life ko Tuya suke amfani da ita. Wannan tana iya aiko miki da saƙo ko kina wurin aiki, amma sai gidan yana da rauta ko MiFi da ke kunne koyaushe, kuma ta fi cin batir.

Idan Zigbee aka rubuta, ba za ta taɓa haɗuwa da wayarki ita kaɗai ba. Tana buƙatar wani ƙaramin akwatin haɗi da ake saya daban. Mata da yawa sukan ɗauka jabu aka sayar musu, alhali wannan akwatin ne babu.

A gidan da wuta ba ta zama, shawarata ita ce mai Bluetooth wadda take da fuska mai nuna lamba. Ko waya ta mutu, da kin ɗaga kai za ki karanta.

Yadda za ki haɗa ta da waya

Na farko, zare 'yar ledar da ke tsakanin batir da na'urar, ko ki sa sabon batir. Na biyu, sauke manhajar da aka rubuta a takardar cikin kwali, ki buɗe asusu. Na uku, kunna Bluetooth, ki kuma kunna maɓallin nuna wuri na wayar, wato GPS. Wayoyin Android da yawa ba sa ganin na'urar sai an ba manhajar wannan izini. Na huɗu, danna alamar ƙari a cikin manhajar, ki riƙe na'urar kusa da wayar. Mai Wi-Fi tana da ɗan maɓalli ko ɗan rami da za ki danna na kamar daƙiƙa 5 har alama ta fara ƙiftawa, sannan ki rubuta kalmar sirrin Wi-Fi ɗin gidan. Daga ƙarshe ki sa mata suna, misali "ɗakin yara".

Bayan haka ki bar ta kamar rabin awa kafin ki yarda da abin da ta nuna, domin ɗumin hannunki da numfashinki sun shafe ta.

Inda kika ajiye ta ya fi kuɗin da aka saye ta muhimmanci

Abin da kike son sani shi ne iskar da jaririnki yake shaƙa, don haka ki ajiye ta daidai tsayin gadonsa, nesa da shi kamar taku biyu, a kan durowa ko a manne da bangon ciki. Kada ki sa ta a bakin taga inda rana ke bugu, ko a gaban fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ko a kan talabijin da firji, ko kusa da ƙofar banɗaki. Kada ki manna ta can sama kusa da silin, don zafi sama yake taruwa. Bangon da ranar yamma ke duka ta waje ma zai sa ta nuna zafin da ya wuce na ɗakin.

Ga gargaɗin da nake so ki riƙe da kyau. Ƙananan na'urorin nan da yawa suna aiki da batir mai kama da kwabo, irin wanda ake rubuta CR2032 a jikinsa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2 kacal. Kada na'urar ta shiga cikin gadon jariri, kada ta zauna inda mai rarrafe zai kai hannu, kuma tsohon batir ma a jefar da shi inda yara ba za su tsinta ba. Idan kina zargin yaro ya haɗiye, kada ki sa shi amai, kada ki jira ki ga alama. Asibiti nan take, ki faɗa musu batir ne.

Me lambobin suke faɗa miki?

Lamba mai alamar °C ita ce zafi, mai alamar % kuma danshi.

Idan kin bincika intanet za ki ga ana cewa ɗakin barcin jariri ya kasance tsakanin maki 16 zuwa 20. Wannan shawara ce da ake bayarwa a Ingila, inda ake kwantar da yaro da kayan barci masu kauri. Kada ki tayar da hankalinki don ɗakinki bai taɓa sauka nan ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar game da lokacin tsananin zafi ita ce a yi ƙoƙari ɗaki ya zauna ƙasa da maki 32 da rana, ƙasa da 24 da dare. Na san a bazararmu ba kowane dare hakan zai yiwu ba, amma ya ba ki ma'auni. Sabon haihuwa kuma, musamman bakwaini, sanyi ya fi yi masa illa, shi ya sa ake son ɗakin da aka haife shi kada ya gaza maki 25.

Danshi kuwa, tsakanin kashi 30 zuwa 50 shi ne daidai, kuma kada ya daɗe sama da 60.

Idan manhajar tana da wurin saita gargaɗi, ki sa ta sanar da ke idan zafi ya kai 32, idan danshi ya sauka ƙasa da 30 ko ya haura 60. Idan kika matse iyakar da yawa, waya za ta wuni tana ƙara, har ki daina kula ta ranar da ya kamata ki kula.

Idan lamba ta hau ko ta sauka

Zafi ya yi yawa: cire wa jariri hula, safa da shawul, ki bar shi da 'yar singileti da kunzugu. Saki labule a gefen da rana take, da dare ki buɗe tagogi ki sa gidan sauro. Fanka ta riƙa juya iskar ɗaki, ba ta tsaya a kansa ba. Idan ɗakin ya kai maki 40, fanka iska mai zafi kawai take hura masa, sai ki koma da shi wuri mafi sanyi a gidan, ki goge jikinsa da tsumma mai ruwa wanda ba na ƙanƙara ba. Ki yawaita ba shi nono. Wanda bai kai wata 6 ba, ba a ba shi ruwa ko da ana zafi, nono ya ishe shi.

Sanyin asuba na hunturu: ƙara masa riga ɗaya a kan adadin da kika sa. Bakwaini ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, ki lulluɓe ku biyu. Kada ki shigar da kaskon garwashi ɗaki ki rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, irin wadda janareta ke fitarwa, kuma tana kisa cikin barci. Wannan na'urar ba ta ganin wannan iskar ko kaɗan. Za ta nuna miki ɗaki ya yi ɗumi alhali mutane suna halaka.

Iska ta bushe: a nan ne ake ganin haɓo, tsagewar leɓe da toshewar hanci. Ki shanya jiƙaƙƙen tawul mai tsabta a ɗakin, ki goge ƙasa da ruwa maimakon shara mai tayar da ƙura, ki shafa wa yara mai bayan wanka. Idan kina da injin fesa danshi, ki canza ruwansa kullum ki riƙa wanke shi, in ba haka ba ƙwayoyin cuta zai riƙa fesa muku.

Danshi ya yi yawa: buɗe tagogi idan ruwa ya ɗauke, daina shanyar kayan jariri a cikin ɗaki, janye katifa da kabad daga jikin bango. Fumfuna tana tayar wa masu asma da ciwonsu.

Idan na'urar ta ƙi aiki

Ta ƙi haɗuwa da Wi-Fi: kusan dukkansu da zangon 2.4GHz kaɗai suke aiki, ba sa kama 5GHz. Idan rautar gidan tana nuna sunaye biyu, ki haɗa wayarki da na 2.4 kafin ki fara. Ki kuma duba kalmar sirri, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne.

Manhaja ba ta ganin ta: duba izinin Bluetooth da na wuri. A Mi Home, wani lokaci ƙasar da kika zaɓa wajen buɗe asusu ce matsalar, don kayan da aka yi domin kasuwar Sin sukan buƙaci a zaɓi ƙasar Sin.

Tana yawan yankewa: idan an ɗauke wuta rauta ta mutu, ita ma ta yanke, kuma neman haɗin da take ta yi yana shanye batir. Idan da intanet ɗin wayar maigida aka haɗa ta, da ya fita ta yanke.

Ta nuna 86 ko 90: kada gabanki ya faɗi, duba ko °F ce a gefe. Maki 86 a ma'aunin Faranhait daidai yake da 30 a Selshiyos. Ki canza a cikin manhaja.

Lambar waya ta bambanta da ta fuskar na'ura: masu Wi-Fi ba kowane minti suke aikawa ba, don tattalin batir. Ki yarda da ta fuskar.

Lamba ta tsaya cak ko rubutu ya dusashe: canza batir, ki hure ƙurar hunturu daga 'yan ramukan jikinta. Kada ki wanke ta da ruwa.

Kina shakkar gaskiyarta: ga gwajin da za ki yi a kicin. Cika murfin robar ruwa da gishiri, ki ɗiga ruwa kaɗan har ya jiƙe kamar danshin yashi, kada ya narke. Sa murfin da na'urar a cikin roba mai rufuwa ruf, kada su taɓa juna, ki bar su kwana ɗaya. Ya kamata ta nuna kusan kashi 75. Bambancin 3 zuwa 5 ba komai ba ne. Idan ta nuna 65, kin san tana rage 10, sai ki gyara a manhaja idan akwai wurin, ko ki riƙa ƙarawa da ka.

Ɗaki take aunawa, ba yaro ba

Wannan shi ne abin da na fi so ki tafi da shi. Na'urar ba ta san ko kin naɗe jariri da shawul uku ba, ba ta kuma san zazzaɓi ba. Bayan kin duba lamba, ki sa bayan hannunki a ƙirjinsa ko ƙeyarsa. Idan da gumi da zafi, rage kaya. Kada ki auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa, don sukan fi sauran jiki sanyi. Zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin 36.5 zuwa 37.5, kuma ma'aunin zafin jiki ne kaɗai zai faɗa miki wannan, don haka ki mallaki ɗaya.

Ki garzaya asibiti, ko me na'urar ɗaki ta nuna, idan jaririn da bai kai wata 3 ba zafin jikinsa ya kai 38, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko yana numfashi da sauri, ko maɗigarsa ta loɓa, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai.

Wadda ba ta da na'urar kuma kada ta ji an bar ta a baya. Duk matakan da na lissafa na rage zafi, na maganin ƙura da na guje wa garwashi, ba sa buƙatar waya.

Idan taki ta ƙi haɗuwa bayan kin gwada waɗannan, ki rubuto a ƙasa da sunan da ke jikin kwalin da irin wayarki, zan amsa gwargwadon iko. Ina kuma son jin lambar da ɗakinki yake nunawa da ƙarfe 3 na rana da kuma da asuba, da garin da kike. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.