Aman kare a mota: mu yi hattara da magani

Karen da ke tsaron gida da garke shi ma mota tana juya masa kai. Sai ya yi ta dalalar da miyau, yana hamma, daga baya ya yi amai. Abin ya fi kama ƴan kwikwiyo, domin sashen cikin kunne mai daidaita jiki bai gama ƙosawa ba. Da yawansu in sun girma, sai ya bar su.

Akwai magani. Sunansa maropitan, ana sayar da shi da sunan Cerenia, an amince da shi a Amurka a 2007. Ana ba da ƙwayar awa 2 kafin a tashi, amma likitan dabbobi ne zai auna kare ya faɗi adadi.

A ganinmu, haɗarin yana hannun mai tallan magani a tasha. Maganin mutum ba na dabba ba ne: farasitamol ƙwaya 1 tana iya kashe kyanwa. Kuma aman mota yakan lafa bayan an sauka. Karen da ke amai a gida, da jini ko da zawo, wataƙila guba ya ci, ko wata cuta ce a ciki. Tsayar da wannan aman ɓoye ciwo ne. In miyau ya zo da canjin hali da cizo, mu tuna da haukan kare: a kulle shi, a nisanta yara, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Ranar tafiya kuwa, mu rage masa abinci, mu bar iska ta shiga, mu tsaya mu ba shi ruwa.