Kyanwa ma tana jin ƙishirwa

Ya kai mai karatu, kana da kyanwa a gida? To, yaushe rabonka da ka ajiye mata ruwa? Da yawa cikinmu muna zuba mata ragowar tuwo da kan kifi, amma ruwa sai ta nema da kanta. Ni ina ganin wannan ba daidai ba ne.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce a nan Zango mu kanmu ba mu ƙoshi da ruwa ba, balle mage. Gaskiya ne. Garinmu bisa duwatsu yake, kuma matsalar ruwa ta daɗe. Tana ma cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. In bazara ta yi, famfo yakan ƙafe, mata da yara su yi layi da bido, ƴan garuwa su tsawwala kuɗi.

Amma mu yi lissafi. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana buƙatar wajen kashi ɗaya cikin biyar na litar a rana. Ke nan bido guda mai litar 25 zai iya isar ta wata huɗu. Ashe ba ita ce za ta ƙarar maka da randa ba.

Wani zai ce: «Ai ban taɓa ganin ta tana neman ruwa ba.» To, ga dalili. Asalin kyanwa dabbar busasshen daji ce, ba ta saurin jin ƙishirwa. Daga naman da ta kama take samun ruwa, don jikin ɓera wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne. In ta koma cin busasshen kifi da ƙanzo, ruwan jikinta yana raguwa ba ta sani ba. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafi yana wuce digiri 40. Rashin ruwa yana wahalar da ƙodarta. Muzuru kuma fitsari na iya toshe masa, ya mutu cikin ƴan kwanaki.

Addini ma bai bar zancen ba. Ya zo a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa ragowar ruwan da kyanwa ta sha mai tsarki ne.

To, yaya za ka yi? Nemi kasko mai faɗin baki, don ƙasa tana sanyaya ruwa. Ajiye shi a inuwa, nesa kaɗan da inda take cin abinci. Wanke shi kullum, ka sake ruwan safe da yamma, ragowar ka zuba wa shuka. Jiƙa mata abinci da ruwa ko romo marar gishiri da albasa. Kada ka ce madara ta wadatar, don tana sa manyan kyanwoyi da yawa zawo, zawo kuwa ruwa yake zubarwa. Rufe randa da rijiya, kada ƙishirwa ta kai ta ta faɗa ciki, ka yi asara biyu.

Ga yadda za ka gane ruwa ya yi mata ƙaranci. Ɗaga fatar bayan wuyanta ka saki. In ta koma nan da nan, lafiya lau. In ta tsaya, ga dasashi a bushe, ga kasala, to maza kai ta wurin likitan dabbobi.

Ka tuna, ita ce mai gadin buhun hatsinka da dare, ba ta karɓar ko dala. Sa yaron gida ya riƙa cika mata kasko kowace safiya. Da haka zai koyi tausayi tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.