DAGA KAN BENCI: Dawakin Yaƙi a Akwati, Mu Kuma Mu Na Gona

A wannan watan zan ɗan jingine maganar wa ya yi aure, wa ya ɓata da furodusan sa, domin wata wasiƙa da wani matashi ya aiko mani daga Malumfashi ta hana ni sakat. Yaron ya ce ya gama kallon Ertugrul kaf a cikin wayar sa, fassarar Hausa, tun daga zango na 1 har na 5. Tambayar sa guda ce: me ya sa 'yan Kannywood ba za su yi mana shiri mai dogon zango irin wannan ba, na dawaki da takubba da ƙurar sahara? Dawaki ne ba mu da su, ko kuwa jarumai?

Ƙane na, na ji ka, kuma ba kai kaɗai ba ne. Duk wanda ya leƙa shagon tura finafinai a Funtuwa ya san yadda wannan shiri ya kama samari. Gidan talabijin na TRT a Turkiyya ne ya nuna shi daga 2014 zuwa 2019, kashi 150, kowane kashi kusan awa biyu ko fiye. Ka ga ke nan ka ba Engin Altan da dokin sa kwanaki masu yawa daga cikin rayuwar ka. Ban ga laifin ka ba, don mu ma kafin ku mun yi na mu zazzaɓin.

Na mu sunan sa Umar Mukhtar. Ainihin sunan fim ɗin Lion of the Desert, na darakta Mustapha Akkad, wanda kuma shi ne ya yi The Message. Ya fito a 1981, Anthony Quinn ne ya hau matsayin dattijon malamin nan na ƙasar Libiya da ya shafe shekara 20 ya na gwabzawa da sojojin Italiya, har su ka kama shi su ka rataye shi a Suluƙ ran 16 ga Satumba, 1931. Fim ne na silima, amma mu a akwatin talabijin mu ka san shi. In maƙwabcin mu ya samo kaset ɗin, sai a fito da akwatin tsakar gida, a baza tabarmi, yara a gaba, iyaye mata can baya kusa da madafa. Abin da mu ke jira bai wuce wuri biyu ba: inda mahaya ke ɓullowa daga bayan tudu su afka wa motocin Italiya, da inda mayaƙa ke ɗaure ƙafafun su da igiya don kada wani ya yi tunanin gudu. Washegari kowane yaro a unguwa ya naɗa zanen uwar sa a ka, ya hau karan dawa, wai shi ne Umar Mukhtar. Ba mai yarda ya zama Graziani sai an matsa wa ƙaramin cikin mu.

To, wata rana kaka ta, Allah ya jiƙan ta, ta zauna kallon tare da mu. Duk sukuwar nan da harbe-harben ba su ɗaga mata kai ba, ta na ta ɓarar gyaɗar ta. Sai da aka zo wurin da sojoji ke kora mata da yara da tsofaffi da awakin su zuwa sansanin da aka kewaye da waya mai ƙaya, sannan na ga ta ajiye ƙwaryar. Mu mun ƙosa a tura kaset gaba a kai wajen faɗa, ita kuwa hawaye ta ke yi. Daga baya ta ce mani waɗancan mutanen su ta gane, domin labarin da kakar ta ta ba ta ke nan: in aka ji ƙugin dawaki daga arewa, sai a sunkuci yara a bar tuwo a kan murhu, a nufi dutse ko cikin ganuwa, in an dawo a tarar an fasa rumbu, an tafi da wanda ƙafar sa ba ta yi sauri ba.

A lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Sai da na girma na gane cewa wurin nan da mu ke son tsallakewa shi ne ƙashin bayan fim ɗin. Abin ya faru da gaske: a 1930 Italiya ta kwashe mutum kusan dubu 100 daga yankin Jabal Akhdar ta zuba su a sansanoni, dubbai su ka mutu da yunwa da cuta, sannan ta ja shingen waya mai tsawon kilomita kusan 270 a kan iyakar Masar don ta toshe wa mayaƙa hanyar abinci da makamai. Akkad har hotunan gaske na wancan zamani, marasa kala, ya saka a ciki. Cire wannan ɓangare, abin da zai rage maka tsoho ne kawai a kan farin doki.

Yanzu bari mu dawo gida, tunda tambayar ka ta gida ce. Labari dai mu na da shi har ya yi yawa. Bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807, sarakunan da aka kora sun koma arewa sun kafa Maraɗi, kuma kusan duk ƙarni na 19 an yi shi ne ana kai wa juna hari. Sunan Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, har yau tsofaffi ba su manta da shi ba. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya rubuta littafi sukutum a kan Katsina ta wancan zamani, ya na nan a ɗakunan karatu ya na jiran marubucin fim da zai daure ya karanta. In kuma sahara ka ke so ta sosai, mai raƙuma da rawani, ga yaƙin Kawusan. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wannan Buzu ya zo da mayaƙan sa da bindigogin da aka ƙwato daga hannun Italiya a Libiya, ya tsare sojojin Faransa a barikin su na Agadas daga Disambar 1916 har Maris na 1917, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama. Ɗan ɗariƙar Sanusiyya ne, wato ɗariƙar su ɗaya da Umar Mukhtar. Da Faransawa su ka kawo ɗauki daga Damagaram su ka karɓe garin, sai su ka huce a kan mutanen gari, su ka karkashe malamai da dama, jama'a su ka watse zuwa kudu. Shi kan sa Kawusan a Murzuk aka rataye shi a 1919. Ka gaya mani wane zango na Ertugrul ne ya fi wannan?

Amma ga inda gizo ke saƙar. A shirin Turkawa an riga an raba maka gari: ga na mu, ga abokan gaba, kyamara kuma kullum ta na kan sirdi tare da jarumi. A tarihin mu na nan kudancin Katsina abin bai rabu haka ba. Mahayin da ake yi wa kirari a wannan gari, shi ne wanda ake tsorata yara da sunan sa a wancan. Ɓangarorin biyu Hausa su ke ji, alƙibla ɗaya su ke kallo, wani lokacin ma 'yan'uwan juna ne na jini. Wanda kullum ya ke kwana a ciki shi ne manomin da ke tsakani, a ƙasar Maska ko ta Galadima, wanda ya yi huɗa, ya yi noma da maimai, dawa ta fid da kai, sannan dawaki su ka bi ta ciki. Yawancin mu da ke zaune a kan bencin gidan kallo jikokin wannan manomi ne. Jikokin mai lifidi kaɗan ne a cikin mu, ko da ya ke in ka saurari hirar majalisa za ka rantse kakan kowa Ƙaura ne.

Kuma a wannan yanki ba sai an buɗe littafi ba kafin a san mene ne hari. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 har layukan waya aka rufe mana na wani lokaci, Funtuwa da Malumfashi da Bakori duk su na ciki. A Agustan 2025 aka afka wa masu sallar asuba a Unguwar Mantau, nan ƙasar Malumfashi. Babur ya maye gurbin doki, amma gudun da mata ke yi da goyo a baya bai canza ba. Kada wani ya juya mani magana, ban haɗa mai kare ƙasar sa daga mamaya da ɓarawon daji ba, tsakanin su akwai nisan sama da ƙasa. Abin da na ke cewa shi ne, darakta da zai nuna wa yaron Faskari ko Sabuwa wasu mutane masu naɗe fuska sun faɗa wa ƙauye da asuba, ya kuma sa masu kiɗan jarumta a ƙarƙashi, to ya san wa zai kalla. Akwai wanda zai yi tafi, akwai wanda zai tashi ya bar wajen don ya tuna yayan sa.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce amsar da furodusoshi za su fara ba ka. Gwamnatin Gaddafi ce ta ɗauki nauyin Umar Mukhtar, an ce kuɗin ya kai dala miliyan 35. Mu kuwa a nan furodusa na lissafin kuɗin shinkafar lokeshin ne. Doki ba mota ba ne da za ka kashe ka ajiye har a gama gyara fitila. Ya na son harawa da dusa da gero da kanwa, ya na son mai kula da shi, kuma dokin hawan Sallah da ya saba da tafiyar ƙasaita da gajeriyar sukuwar jafi a ƙofar fada, ba lalle ne ya yarda ya maimaita gudu sau goma don kyamara ba. Balle jarumin na mu, wanda da yawan su ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba sai ranar ɗaukar hoton fosta. Ga kuma dajin da ya dace da ɗaukar, wanda a shekarun nan ba kowane direba ne zai yarda ya kai ka da kayan aiki ba. Ƙari a kan haka, ka ambaci sunan wani basarake na da a matsayin mai kai hari, kafin fim ya fita jikokin sa sun aiko a kira ka.

Duk da haka ban yarda a ce ba za a iya ba. Kayan doki dai ba sai an je Istanbul ba: sulke, kwalkwali, lifidi, jalala, duk su na nan a gidajen sarauta, kuma masu ɗinka su na raye. Dogon zango ma mun iya shi yanzu, ga Labarina na Aminu Saira, ga Izzar So da ke fita a tashar Bakori TV, mai sunan maƙwabciyar mu. An kuma taɓa gwada na tarihi. Marigayi Adamu Halilu ya yi Kanta of Kebbi a 1978. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya hau Netflix a 2021 da dawakin sa da ƙurar sa, sai dai ni kunne na bai saki jiki da Sarauniyar Zazzau ta na ba da umurni da Turanci ba.

Wanda na fi so ka nema ka kalla shi ne Shehu Umar na 1976, shi ma na Adamu Halilu, daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan ya fito a ciki. Akwai hari, akwai ayari, akwai ratsa sahara, amma labarin na yaron da aka sace ne da uwar da ta bi sawun sa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Shekara kusan 50 ke nan da wani Bahaushe ya sauko da kyamara daga kan sirdi ya ajiye ta a ƙasa inda talaka ya ke tsaye, mu kuma mu ka bar hanyar ta cushe.

Da ni za a ba kashi na farko in rubuta, ga yadda zan buɗe. Kaka ce, an yanke dawa, dammuna na jingine a bakin gona. Wata mata na sussuka, 'yar ta na korar kaji. Can sai tsuntsaye su tashi gaba ɗaya daga fadama ba tare da an jefe su ba. Matar ta tsaya da taɓarya a sama. Kare ya fara haushi, sannan ya yi shiru. Ba za ka ga doki ko ɗaya ba sai an ci minti goma, kuma in sun zo, ƙafafun su kawai za ka gani ta tsakanin karan dawa, daga inda yarinyar ta ɓuya. Doki uku sun isa wannan fitowa, sauran aikin na mai haɗa sauti ne. A kashi na biyu sai mu bi ɗaya daga cikin mahayan zuwa gida, mu tarar shi ma uwa gare shi, shi ma an taɓa ƙona masu rumbu.

Ƙane na na Malumfashi, ka ce a wasiƙar ka ka na ɗan taɓa rubutu. To ga aiki na ba ka. Kafin ka sake tura wani zangon a waya, ka sayi goro na ɗari biyu ka je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan ku, ka tambaye ta inda mutanen garin ku ke ɓuya a zamanin hari, da sunan dutsen, da abin da su ke ɗauka in za su gudu. Ka rubuta shafi biyu ka aiko mani ta ofishin mujalla. In ya yi daɗi zan sa shi a wannan fili, in kuma ka cika shi da kirarin kakan ka, zan dawo maka da abin ka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.