Kira ga Kwamishinonin Ilimi na Arewa: A Daina Hukunta Yaro Don Ya Yi Harshen Gidansu

Masu girma kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa, da shugabannin hukumomin ilimin firamare, da jami'an da ke sa ido kan makarantu masu zaman kansu,

Ina neman izinin gabatar da wata buƙata wadda rabinta ba ya cin ko kwabo. Takarda ɗaya da sa hannu sun wadatar.

A makarantu da yawa na biranenmu, musamman na kuɗi, akwai wata doka da ba ta cikin kundin ma'aikatunku, amma ta fi wasu rubutattun ƙarfi: duk yaron da aka ji yana Hausa ya yi laifi. Monita na riƙe da takarda yana rubuta sunayen masu “banakula”. Wani wurin tara ake ci, wani wurin durƙuso ne a rana, ko tsallen kwaɗo, ko sharar aji, ko bulala. Ba a cikin darasin Turanci kaɗai ba, har a filin wasa, har wajen sayen awara lokacin tara. Iyaye da yawa sun sani, wasu ma don haka suka zaɓi makarantar.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi magana yanzu shi ne sauyin da aka samu daga sama. A watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu yana Ministan Ilimi, ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko, bisa hujjar faɗuwa jarrabawa. Ina da ja a kan wannan hujja, domin gwajin shekara shida da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Amma ba wannan shari'ar na kawo gabanku ba. Tsorona shi ne masu makarantu su ɗauki sanarwar a matsayin lasisin ƙara tsananta wa yara. Harshen da malami zai koyar da lissafi daban, harshen da yaro zai kira abokinsa da shi a tsakar makaranta daban. Ba wanda ya ba kowa ikon hukunta na biyun.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa Bahaushe da baki yake ajiye kowa a matsayinsa. Ɗan'uwan uwa kawu ne, ɗan'uwan uba baffa, 'yar'uwar uba gwaggo, 'yar'uwar uwa inna, kuma kowannensu da irin haƙƙinsa da irin kunyar da ake ji masa. Baffa ne zai karɓi sadaki idan uba ya matsa gefe, gwaggo ce za ta yi ruwa ta yi tsaki ranar kai amarya. 'Ya'yan mace da na namiji taubasai ne, akwai wasa tsakaninsu, akwai kuɗin shara idan watan cika-ciki ya kama. Kaka tana ce wa jikanta namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, a yi ta zolaya ana dariya. Yau ga yaro ɗan shekara goma wanda duk waɗannan mutane sun dunƙule masa sun zama “anti” da “onkul”, daidai da malamar ajinsu da mai shagon bakin layi. Ranar da rabon gado ko neman aure ya taso, ba zai san ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa ba.

Haka gaisuwa. Wadda ake yi wa mai jego ba ita ake yi wa mai takaba ba. Ana ce wa malami “Allah ya gafarta malam”, basarake “ranka ya daɗe”, wanda aka tarar yana aiki a yi masa sannu, wanda aka yi wa rasuwa a tambaye shi haƙuri. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, yaron da ya ci sunan kakansa sai a koma kiransa Abba, mai sunan kaka mace a ce Ummi. Ba a karanta waɗannan a littafi, a bakin mutane ake tsintarsu, kuma yaron da aka sa wa tsoron harshen tun yana ɗan shekara huɗu ba ya kasa kunne ya tsinta. Sai a kai shi gaban kakarsa a ƙauye ya tsaya ƙiƙam ya ce “gud monin”, tsohuwa ta yi murmushi ta sa albarka, zance ya ƙare a nan. Tatsuniyar da ta tanadar masa ta koma da abarta.

Akwai abin da ya fi wannan damuna, kuma ina roƙon ku dube shi da idon basira. A gidajen masu hali da dama, yaro na magana da iyayensa da Turanci, amma idan ya juya ga direba, ko maigadi, ko mai aiki, ko almajirin da ke wanke-wanke, sai ya koma Hausa. Wato Hausar da ya iya ta aike ce da tsawa: kawo, tafi, ɗauke, yi sauri. Bai taɓa amfani da ita wajen roƙo ko ban haƙuri ko girmama na gaba ba. Makaranta kuma ta zo ta tabbatar masa da abin da ya fara zato, cewa wannan harshe na ƙasa da shi ne, tunda har dukan mutum ake yi a kansa. Daga cikin irin waɗannan yara za a samu likitoci da alƙalai da manyan sakatarori na gobe. Su ne za su zauna gaban tsohuwar da ta zo daga Rano ko Bakori tana kwatanta ciwonta, ko manomin da ya kawo ƙarar gona. Ratar da ke tsakanin ɗan makarantar kuɗi da ɗan makarantar gwamnati ta riga ta yi faɗi, bai kamata mu ƙara mata da hannunmu ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ina son 'ya'yanmu su iya Turanci fiye da yadda muka iya, domin da shi ake rubuta WAEC da JAMB, da shi ake neman aiki. Sai dai ban ga inda bulala ta koyar da shi ba. Abin da ke koyar da shi malami ne ƙwararre da littafin karatu a hannun kowane yaro. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce ya kuma riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, ai ɗan Kwalejin Katsina ne, Turancinsa bai rage masa Hausa ba. Majalisar Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da Hausa da Turanci take muhawara. Da Hausa aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, kuma maƙwabtanmu na Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Abin kunya ne a ce a Kano ko Katsina ko Sakkwato ne ake cin yaro tara a kanta.

Don haka nake roƙon ku fitar da takardar umarni zuwa ga kowace makaranta, ta gwamnati da ta kuɗi, wadda za ta haramta duka da tara da duk wani wulaƙanci saboda yaro ya yi harshen gidansu, a kuma sa kiyaye ta cikin sharuɗɗan sabunta rajista. Masu duba makarantu su tambayi yaran da kansu, kada su tsaya a ofishin shugaba. Sannan darasin Hausa ya zama darasi na gaske. A yanzu sau da yawa ana jefa shi ƙarshen jadawali, a miƙa wa duk malamin da ba shi da aji, da tunanin ai kowa ya iya. Alhali Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo da kwalejojin ilimi suna yaye masu shaidar Hausa duk shekara, da yawansu na zaune ba aiki. A ɗauke su. Jihar Legas ta yi doka a 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta, har da masu zaman kansu, kuma ba a ce Legas ta koma baya ba. Ilimi na cikin abubuwan da jiha ke da ikon yi wa doka, ba sai an jira Abuja ba.

Ina kuma roƙon kada takardar ta ambaci Hausa ita kaɗai. Adalci ne mu faɗa cewa abin da Turanci ke yi wa Hausa a makarantun birni, shi Hausa ke yi wa wasu harsunan a garuruwansu. Akwai Fulani da yawa da ba sa jin Fulatanci, akwai yaran Bolawa da Ngizim da Tangale da Gbagyi da ke amsa wa iyayensu da Hausa. Ɗan Babarbare a Maiduguri da ɗan Bajju a Zonkwa suna da haƙƙi ɗaya da ɗan Bahaushe. A rubuta “harshen gidansu”, yadda zai game kowa, kuma inda al'umma ke da littattafai da malaman harshenta a ba su gurbi a jadawali.

Idan hali ya yi, umarnin ya isa makarantu kafin a koma sabon zango, a karanta shi a taron iyaye da malamai da harshen da iyayen ke ji, domin wasunsu ma suna buƙatar jin cewa ma'aikata ba ta goyon bayan wannan horo.