Kobo mai huji ba kayan gwangwan ba ne

A gidajen Maiyama da ƙauyukanta, da wuya a zazzage adudun tsohuwa ba a ga kobo mai huji ba, wani an zarge shi da zare, wani ya yi tsanwa don daɗewa. Yara na wasa da su a tsakar gida, 'yan gwangwan kuma na kwasa a kan sikeli kamar ɓallen ƙusa. Wannan asara ce.

Daga 1912 hukumar kuɗi ta Turawan mulkin mallaka ta riƙa buga wa Afirka ta Yamma anini da ɗari da kobo. A 1959, ana saura shekara guda a sami 'yanci, Babban Bankin Najeriya ya fara aiki, ƙasa ta fito da tsabarta. Ɗari da kobo na tagulla ne, da huji a tsakiya da tauraro mai kusurwa shida. Taro na ɗauke da auduga, sisi da koko, fataka da gyaɗa. Da irin wannan kuɗin aka ci kasuwar Jega, da shi manoman Aliero suka sayar da albasa, da shi aka biya sadakin kakannin da ke raye yau. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta karɓi fili, sabon kobo ya zo da hoton rijiyoyin mai. Duk wanda ya jera tsabar 1959 da ta 1973 a tafin hannu zai ga ƙasar da ta juya daga gona zuwa fetur.

Masu tara irin waɗannan kuɗaɗe suna duba shekara, suna duba ko rubutu ya shafe. Abin da suka fi ƙi shi ne gogewa: toka da tsamiya na cinye fatar tagulla, darajar ta faɗi. Kuma kada wanda ya ruɗu da labarin cewa tsohon kobo na kawo miliyoyi, domin an buga kobon nan da yawa, kuɗinsa a kasuwa kaɗan ne. Amfaninsa a aji yake.

Argungu na da gidan tarihin Kanta, amma ba kowane ɗalibi ke kai wa can ba. Ya kamata ƙaramar hukumar Maiyama da shugabannin makarantu su tanadi akwatin gilashi a kowace sakandare, iyaye su kawo abin da ke adudu, a rubuta shekara da sunan gidan da ya bayar.