Ruɓaɓɓen Hatsi Ba Abincin Dabba Ba Ne

Akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin manoma da 'yan kasuwar hatsi, wadda ya kamata a yi watsi da ita. Da zarar masara ko gyaɗa ta yi fumfuna a rumbu, sai a ce ai ba a yi asara ba, a niƙa ta a zuba wa dabbobi. Haƙiƙa asarar da ake gudu ita ce ake ninkawa.

A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka sayo daga Burazil ce ke ɗauke da wata guba da fumfuna ke haifarwa, wadda aka sa wa suna afulatoksin. Zafi da danshi su ne ke yaɗa wannan fumfuna, kuma dahuwa ba ta kashe gubarta.

Masana sun yi nazarin illar irin waɗannan gubobi a jikin aladu, domin suna cikin dabbobin da ba su jure musu. Abin da aka gano shi ne, ko da gubar ba ta kai ta kashe dabba ba, tana lalata hanta, ta raunana bangon hanji, ta rage ƙarfin garkuwar jiki. Sai a yi wa dabba allurar rigakafi amma allurar ta kasa kamawa sosai, cuta ta shigo garke, mai kiwo ya ɗora laifi a kan likitan dabbobi. Wannan ya shafi masu kai aladu kasuwar Katsit kusa da Kafanchan, ya kuma shafi masu kiwon kaji, domin dusa ɗaya da tunkuza ɗaya ake saya.

Abin bai tsaya ga dabba ba. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar tunkuza tana fitar da gubar a cikin nononta, gubar kuwa tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. A shekarar 2004 mutane 125 suka rasu a Kenya saboda cin irin wannan masara.

Saboda haka ba daidai ba ne a kashe kuɗi wajen sarrafa allurai a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, sannan a bar masu niƙa abincin dabbobi babu mai duba hajarsu. Wajibi ne ma'aikatun gona na jihohi su riƙa auna wannan abinci kafin ya shiga kasuwa. Malaman gona kuma su koya wa manoma busar da hatsi sosai a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, su kuma kai musu maganin Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar.

Hatsin da ya yi fumfuna kuwa, a binne shi ko a ƙone shi. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.