Gano cuta ta hanyar numfashi: Me ya sa ake jan ƙafa?

Tun zamanin da, likitoci suka san cewa numfashin majinyaci kan tona asirin cutar da ke damunsa. Wanda ciwon sukari ya yi wa tsanani, alal misali, numfashinsa kan yi ƙanshi irin na 'ya'yan itace, saboda sinadarin asiton da ke taruwa a jininsa.

A shekarar 1971 ne masanin kimiyyar nan ɗan Amurka, Linus Pauling, ya nuna cewa akwai sinadarai kimanin 250 a cikin iskar da mutum ke fitarwa. Da yawa daga cikinsu jini ne ke kai su huhu daga sassan jiki, kuma cuta kan sauya yawansu.

Na'urar da ake amfani da ita wajen tantance su, wato mas-sifektiromita, takan ɗora wa ƙwayoyin sinadaran cajin lantarki, sannan ta rarrabe su bisa nauyinsu. Ta haka ake gane sinadari ko da bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na iskar ba.

Inda aka kwana

Annobar korona ce ta fito da fasahar fili. A watan Afrilun 2022, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bai wa na'urar kamfanin InspectIR izinin gaggawa. Na'urar kan ba da sakamako cikin ƙasa da minti uku, kuma a gwajin da aka yi wa mutane 2,409 ta gano kashi 91 cikin 100 na masu ɗauke da cutar.

Sai dai babban burin masu bincike shi ne ciwon daji, wanda galibi ba a gano shi sai ya ci jiki. A 2018, tawagar Farfesa George Hanna ta kwalejin Imperial da ke Landan ta wallafa sakamakon gwajin mutane 335, inda numfashi ya nuna kashi 80 cikin 100 na masu dajin maƙoshi ko na ciki.

Duk da haka, har yanzu gwajin bai zama ruwan dare a asibitoci ba.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce numfashi ba ya zama a hali ɗaya. Abincin da mutum ya ci, da sigarin da ya sha, da ƙwayoyin cutar da ke bakinsa, har ma da iskar ɗakin gwajin, duk suna iya sauya sakamako.

Ta biyu kuma, yawancin binciken a kan mutane kaɗan ake yin sa, kuma sau da dama sinadaran da wata tawaga ta danganta da cuta ba su ne wata tawagar ke samu ba.

Akwai darasi a gwajin ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, wanda ya daɗe da samun karɓuwa. Majinyaci kan sha sinadarin yuriya da aka yi wa alama, ƙwayar cutar ta farfasa shi, sai a nemi alamar a numfashinsa. Abu ɗaya tak ake nema, kuma an san daga inda ya fito.

Ga ƙasashen Afirka, batun ya wuce ciwon daji. Wani ƙaramin bincike da aka bayyana a 2017 kan yara a Malawi ya nuna cewa zazzaɓin cizon sauro ma yana barin alama a numfashi.

To amma na'urorin suna da tsada, suna kuma buƙatar ƙwararru da wutar lantarki marar yankewa. Muddin ba a shawo kan wannan ba, asibitocin karkara za su ci gaba da dogaro da allura da ɗigon jini.